Masu Riƙon Wuri a Kamfanin Zoɓo

Ban zo Kano don in tsinci zoɓo ba. Daga Tasawa na taso, can ƙasar Nijar, takardar gama sakandarena naɗe cikin leda a ƙasan jaka, niyyata in samu aikin ofis, ko da na goge tebur ne da rubuta sunan baƙi. An ce min kamfanonin Kano ba sa ƙirguwa. Wannan kam gaskiya ne. Abin da ba a gaya min ba shi ne kowane kamfani da ƙofarsa, kowace ƙofa da maigadinta, kuma maigadin ya gaji da ganin irina.

A Dakata na fara sauka, gidan wata 'yar garinmu da ke aure a can. Unguwa ce ta manyan motoci da sito-sito, in za ka tsallaka titi sai ka yi addu'a. A gaban wani sito na gamu da wani mutum mai farar shadda, birai jere a aljihunsa. Ya karɓi takardata, ya juya ta, ya girgiza kai.

"Ai wannan Faransanci ne, 'yan mata. Nan ba mai karanta miki shi. Kawo in kai a fassara, a buga hatimi, jibi ki dawo ki karɓi aiki."

Na ba shi. Jibi ta yi, na dawo, babu shi babu dalilinsa. Na tambayi mai shayin da ke wurin, ya ce, "Mai farar shadda? Wanne daga ciki?" Ban yi kuka ba. Haushin kaina ne ya cika ni har ya hana hawayen fita. Shekarun da na yi ina zuwa lakwal, wato makarantar boko a bakin mutanenmu, ga su nan na miƙa wa baƙo da hannuna.

Daga nan sai Bompai. Na bi ƙofofi har takalmina ya tsinke. Wani kamfanin roba ya ɗauke ni wankin galan na ɗan lokaci, da kaya suka ƙare aka ce mu jira kira. Mijin 'yar garinmu kuwa ya fara tambayar matarsa, da ƙarfi yadda zan ji, ko baƙuwar tasu ta sa ranar tafiya.

A cikin keke napep na haɗu da Gwaggo Asabe. Dattijuwa ce, ramammiya, ta riƙe wani tsohon faifai a cinya. Hannuwanta na gani tukuna: jajaye har cikin farce, irin jan da hannun mahaifiyata kan yi lokacin cirar yakuwa a gefen gonarmu. Sai na tambaye ta.

"Gwaggo, zoɓo ne wannan?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan bakin ba na Kano ba ne. Ina iyayenki?"

Kafin mu sauka ta gama jin labarina kaf, har da na mai farar shadda. Ba ta ce min sannu ba. Cewa ta yi, "Sakarya. Ɗauko jakarki." Da la'asar ɗin ranar ina ɗakinta a Zawaciki, ta shimfiɗa min tabarma kusa da randa, ta ce in na yi minshari waje zan kwana.

Washegari ta kai ni Sharada, kamfanin da take aiki. Zoɓo ake tsinta a wurin kafin a ɗure shi a buhu a fita da shi ƙasashen waje. Aikinka ka cire duk abin da ba zoɓo ba: tsakuwa, kara, gashin kaza, guntun leda. Ɗakunan aiki biyu ne. Akwai ɗakin tabarma, wanda aka fara da shi, inda ake zama a ƙasa kowa da faifanta, galibi dattawa. Can ba a damu da wa ta zo wa ba ta zo ba, abin da ka tsinta shi ake ɗora wa a sikeli a rubuta maka. Sai kuma ɗakin bel, sabo, inda inji ke jan zoɓo ta gaban ma'aikata suna zaune a kujeru a jere, kusan dukansu 'yan mata da matan aure masu ƙuruciya. Can kowace kujera da katinta, kuma in kujera ta kwana biyu ba kowa, sai sufabaiza ya ba wata.

Ni ɗakin tabarma aka sa ni, kusa da Gwaggo. 'Yar Nijar suke kirana, sunana Rakiya ya ɓace. Ba ni da haƙurin aikin. Ina tsinta ina ƙunƙuni, Gwaggo tana bi bayana tana zaro tsakuwar da na bari.

"Ke idonki na kan ofis, hannunki na kan zoɓo. Bature zai karya haƙori a kanki."

Amma na saba. Ana hira, ana waƙa, ana rabon goro, ana gulmar sufabaiza yana tsaye. In kewar gida ta taso min, sai in sunkuyar da kai in shaƙi tsamin zoɓon, in ce a gonarmu nake.

A ɗakin nan na ga wata al'ada da ban san ta ba, wadda suke kira riƙon wuri. In wata 'yar ɗakin bel ta haihu za ta zauna jego, ko mijinta ya rasu za ta shiga takaba, kujerarta za ta tafi ke nan. Sai wata dattijuwa daga ɗakin tabarma ta karɓi katinta, ta ja hijabi, ta ɗaura takunkumi saboda ƙurar zoɓo kamar kowa, ta je ta zauna mata har ta dawo. Maigadi kati yake kallo, ba fuska ba. Dokar kamfani kuwa ta ce duk wadda ta shiga da katin wata, korarsu za a yi su biyun. Gwaggo da kanta ta taɓa riƙe wa wata yarinya, Zainabu, tsawon takabarta gaba ɗaya. Kowa ya sani, ba mai faɗa.

Ana nan sai labari ya zo cewa Manaja zai rufe ɗakin tabarma. Ya sayo bel na biyu, kuma ya ce sababbin 'yan mata zai ɗauka masu kaifin ido, dattawa su je su huta. Hujjarsa, kowace 'yar bel tana fitar da zoɓo fiye da 'yar tabarma. Gwaggo ba ta da miji, ba ta da ɗa mai ɗaukarta. Wannan faifan shi ne tuwonta, shi ne ɗakin Zawacikin da nake kwana a ciki.

Masu kamfanin suka ce kafin a sallami kowa a kawo musu hujja a rubuce. Sai aka ɗora aikin a kan Malama Firdausi, wadda ke ofishin duba ingancin kaya, ta karanci ƙididdiga a jami'a. Ta shigo ɗakinmu ta ce tana neman mai iya rubutu da lissafi ta taya ta. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ga mai surutu nan, Malama. Ki ɗauke mana ita mu huta."

Haka na shiga ofis a Kano, ba takarda, hannu ja jawur.

Aikina in karanto mata awon kowace mace, ita tana shigarwa a kwamfuta. Da muka yi nisa na ƙosa.

"Malama, me ye na wahalar nan? Ki tara na bel ki raba, ki tara na tabarma ki raba, ki ga wanda ya fi. A aji biyu aka koya mana."

"Manaja ya riga ya yi wannan," in ji ta. "Bel ya fi. To amma me ya sa ya fi? Ɗakin ne, ko matan ne? In ɗakin ne, a kai dattawa bel. In matan ne, a sallame su. Wannan lissafin naki ba zai raba min su ba."

Ta ce kuma ko an ga bambanci, sai an gwada shi a tabbatar na gaske ne, ba dace ba ne kawai, don hannun mutum ɗaya ma yau da gobe ba ɗaya ba ne. Gwaje-gwajen suna da sunayensu na Turanci, ni dai na raɗa musu nawa don in riƙe.

Na farko na sa masa gwajin baƙi. Shi yana ɗauka 'yan wannan ɗaki da 'yan wancan ba su taɓa haɗuwa ba, kowa daban. Malama ta ce ba zai yi mana ba, don akwai matan da suka yi aiki a ɗakunan biyu. Mai saurin hannu a tabarma, da hannunta za ta tafi bel. In ka ƙirga ta kamar mutum biyu da ba su san juna ba, ka yi wa gwajin ƙarya, shi ma zai rama maka.

Na biyu, gwajin mutum da kansa. Ka ɗauki waɗanda suka zauna a ɗakunan biyu kaɗai, kowace ka gwada ta da kanta: jiya a tabarma, yau a bel. Mace ɗaya ce, ido ɗaya, ɗaki ne kawai ya sauya. Aibinsa, duk wadda ba ta zauna ɗaki biyu ba sai ka ajiye ta gefe.

Na uku, gwajin haɗaka. Yana ɗaukar kowa da kowa, amma sai ka gaya masa su wa suka shiga biyu, su wa suka tsaya a ɗaya.

"To ki yi na ukun mana, mu tashi," na ce.

"Ba laya ba ce, Rakiya. In 'yan bel zalla duk yara ne, 'yan tabarma zalla duk dattawa, sai na gaya masa shekarunsu, kuma duk da haka zai ta lalube ne, don bai taɓa ganin dattijuwa a kan bel ba. Na biyun shi ne ya fi dacewa da tambayar. Matsalata, waɗanda aka rubuta sun yi ɗaki biyu 'yan kaɗan ne, kuma duk yara ne da aka ɗauke daga tabarma ranar da aka buɗe bel. Me za su gaya min game da dattawa? Da ma a ce ko sau ɗaya an taɓa zaunar da dattawan nan a bel."

Na ci gaba da kallon hannuna.

"Ke da ba kya shiru," ta ce, "yau lafiya?"

Ni ban iya kwana-kwana ba. Na ce, "A ce akwai su. Ki yi gwajin nan uku duka a ɓoye, ki ga wanda ya tsirar da su, ki kai wa Manaja shi. In babu, mu yi kamar ban ce komai ba."

Ta rufe kwamfutar a hankali. "A'a."

"Don me? Wa zai sani?"

"Ana zaɓen gwaji ne tun ba a ga abin da zai fito ba. In na leƙa tukuna sannan na zaɓa, ba gwaji na yi ba, son raina na rubuta. Shi ma Manaja sai ya samo wani ya leƙa ya zaɓo masa nasa. Yanzu zan rubuta cewa na biyun zan yi, in bi shi da na uku in ga ko sun yarda da juna, in sa hannu. Abin da ya fito shi zan kai, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba."

"Su kuma matan?"

"Ba zan ba da sunan kowa ba. Amma ba zan ɓoye masa cewa an yi ba."

Na ce mata ilimin da ba zai iya yi wa tsohuwa alfarma ba, ban ga amfaninsa ba. Ta ce ta ji. Na fita na bugo mata ƙofa.

Da aka tashi muka hau keke muka koma gida. Sai da muka isa, Gwaggo na tankaɗe a tsakar gida, na zayyana mata komai. Ta ajiye rariya.

"Wato ki ce mu tona kanmu, kuma ba tabbas?"

"Ba tabbas, Gwaggo. In kun yi shiru, za a rufe ɗakin a sallame ku. In kun faɗa, mai yiwuwa a bar ku, mai yiwuwa a kore ku har da waɗanda kuka riƙe wa."

"Ita Malamar ta ce ba za ta gyara lissafin ba ko don mu?"

"Ta ƙi. Taurin kai gare ta."

"Ji mai magana." Ta sake ɗaukar rariyar. "In ta ƙi gyara mana, to ba za ta gyara wa Manaja ba ke nan. Amma ba wuyana kaɗai ba ne. Sai na ji ta bakin Zainabu."

Washegari lokacin hutun azahar ta ja Zainabu gefe, wurin mai fura a bakin ƙofa. Ina kallonsu daga nesa. Zainabu na da marayu a gida, kujerar nan ita ce komai nata. Ta daɗe tana juya ludayi a kwano ba ta sha ba. Can na ji ta ɗaga murya.

"Haba Gwaggo! Kun zauna min ina ɗaki ina kuka, yau ni zan ce ku yi shiru a kore ku? Ku faɗa. Abin da Allah ya yi shi ne daidai."

Daga ranar suka fara zuwa ofishin Malama ɗaya bayan ɗaya, kowace da uzurinta, wai ta zo shan ruwa, wai ta zo neman maganin ciwon kai. Ba mai riƙe kwanan wata a cikinsu. Sai dai ka ji, "Daga ranar da Hauwa ta haihu har ta yi arba'in," ko "Tun ana saura kaɗan azumi har bayan ƙaramar Salla." Da haka muka bi muka raba awon da ke ƙarƙashin kowane kati, wannan na mai katin ne, wannan na mai riƙo. Wadda ta yi kokwanto, Malama ta ce a bar nata, ba a cika da zato. Aikin ya ja mu makonni, ni ina ta tsaki, ita ko a jikinta.

Ranar da za ta yi gwajin na ɗauka abin zai daɗe. Ta danna, kafin in gyara zama ya fito. Ta kalle shi, ta sake dannawa ta yi na haɗakar, ta jingina da kujera.

"Malama, ki yi magana don Allah, me ya fito?"

"Ɗakin ne. Mace ɗaya, in ta koma bel hannunta na ƙaruwa, yarinya ce ko dattijuwa. A kan bel kuma ban ga wani bambancin kirki tsakaninsu ba. Gwaje-gwajen biyu bakinsu ɗaya."

Tare muka shiga wurin Manaja, ni ina riƙe da takardu. Ya saurara har ta kai inda dattawa suka zauna a bel, sai ya cire gilashinsa.

"Tsaya, Malama. Wa ya zaunar da su? Wato katin da na bayar ya zama na gayya?"

"Yallaɓai, ka tambaye ni ko hannu ne ko ɗaki. Ɗaki ne."

"Su wane ne?"

"Wannan ba ya cikin abin da zan bayar."

Ya juyo kaina. "Ke 'yar Nijar, ai a cikinsu kike. Su wa?"

"Ranka ya daɗe, dukanmu da takunkumi muke aiki."

Ya daɗe yana kallona, na ɗauka tawa ta ƙare. Sai ya mayar da gilashin, ya sake bin takardar tun daga sama. Ba tausayi ne ya kama shi ba, ban ga alamarsa ba. Ya dai gane cewa hannun da ya riga ya san tsakuwa ya fi wanda za a fara koya wa. Ya ce dattawa su koma sabon bel, ba wadda za a sallama. Amma daga yau kowane kati da hoto, maigadi zai duba fuska, riƙon wuri ya ƙare.

Na fito da gudu na gaya wa Gwaggo, ina jiran ta rungume ni. Ta ce alhamdu lillahi, ta naɗe tabarmarta, sannan ta ce, "To masu jego fa, wa zai zauna musu?" Ni da Malama ba wadda ta yi wannan tunanin.

Aka ba ni kujera tsakanin Gwaggo da Zainabu. Gwaggo ba ta daina mita ba, wai ƙarar inji ta hana hira, wai kujerar ta masu doguwar ƙafa ce. Faifanta kuwa kullum tana zuwa da shi ta jingine a bango, ko da yake ba abin da zai yi mata.

Bayan wani lokaci Malama ta ce in na samo wata takardar a madadin wadda aka sace, za ta yi min magana a ofis. Na nemi izinin 'yan kwanaki na tafi gida. Mahaifiyata ta kama hannuna ta ga jan, ta yi dariya har da hawaye. Amma ofishin ilimi a Maraɗi suka yi ta ce min gobe, gobe, har kwanakin da aka ba ni suka wuce, suka sake wucewa. Na samu takardar. A mota ina dawowa na riga na haƙura da kujerar, ina ta shirya abin da zan gaya wa sufabaiza.

Ban ko biya Zawaciki ba, daga tasha Sharada na wuce da jakata. Na shiga ɗakin bel, inji na ta ƙara. Kujerata na nan ba kowa a kai, sai tsohon faifan nan a kife. Gwaggo ta karkato ta dama, Zainabu ta karkato ta hagu, suna tsince zoɓon da ke wucewa ta gabana tare da nasu. Daga baya na ji cewa sufabaiza ya kawo wata yarinya har sau biyu, Gwaggo ta ce masa in ya isa ya ɗaga faifan da hannunsa. Bai ɗaga ba.

Na tsaya a bayanta. Ba ta ko juyo ba.

"Sakarya, kin tsaya kallon me? Ɗauke min faifaina ki zauna, kafaɗata ta yi tsami."